Ƙaramar Hukuma a Kan Amalanke

Akwai mutanen da abinci ke sa su ƙiba, akwai kuma waɗanda gaisuwa ke sa su ƙiba. Babban akawun ɗakin fayil na ƙaramar hukuma yana cikin kashi na biyu. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa, kowa Na-Iya yake ce masa, domin ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ba, daga gyaran agogo har cire haƙori, bai buga ƙirji ya ce ai ya iya ba. Agogon ofis da ya gyara yana nan rataye a bango, da baya yake tafiya.

Ɗakin nasa kantoci ne tun daga ƙasa har rufi, maƙare da fayil ɗaure da igiya. Duk mai neman takardar fili ko ta rumfar kasuwa, ko hutu, ko fansho, dole ya bi ta gaban teburinsa. A faɗi gaskiya, Na-Iya ba ya karɓar na goro. Gaisuwa kawai yake karɓa, amma fa cikakkiya. Sai ka rusuna, ka tambayi kwana, ka tambayi gajiya, da iyali, da aiki, da ciwon gwiwar nan da ya yi bara. Ka tsallake ɗaya, sai ya ɗaga kai ya dubi rufi ya ce fayil ɗinka yana sama, ka dawo gobe.

Ana nan sai hukuma ta ce an gaji da takarda. Aka kawo wata Injiniya, mace mara yawan magana, ita da mutanenta suka shafe watanni suna ɗaukar hoton takardu shafi bayan shafi suna zubawa cikin wata babbar kwamfuta. Na-Iya yana tsaye a kansu, hannu a baya, yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaya. Da aka gama, Injiniya ta tara ma'aikata ta yi bayani.

"Saura abu ɗaya," in ji ta. "Za a ja waya daga wannan uwar kwamfuta zuwa kowane ofis. Daga nan kowa zai ga fayil daga kan kujerarsa, ba sai an taka zuwa ɗakin fayil ba."

Na-Iya ya matso kusa. Ya ce, "Ba sai an taka ba?"

"Ko taku ɗaya."

"To wa zai gaishe... wato, wa zai kula da tsari?"

"Kwamfuta," in ji Injiniya, ta naɗe takardunta.

Ranar Na-Iya bai iya cin abincin rana ba saboda baƙin ciki. Sai ga shi Allah ya kawo masa sauƙi ta inda bai zata ba: aka kira Injiniya wani kwas a nesa, ta ce a dakata da jan waya sai ta dawo. Motarta ba ta gama fita daga harabar ba Na-Iya ya gyara hula ya hau bene wurin Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, wai waya za a ja? A ginin nan da ɓera ya cinye fayil ɗin sashen lafiya har da igiyarsa? Kuma sirrin hukuma ya riƙa yawo cikin bango kamar tsaka?"

Ciyaman mutum ne mai tsoron kalmar sirri. Ya ajiye jarida ya ce, "To kai me ka gani?"

"Tun da aka kafa aikin gwamnati, fayil ne ke zuwa wurin manya, ba leƙo shi ake yi ta waya ba. Kwamfuta ba ta fi fayil daraja ba. Ita ma ta je."

"Ka san kwamfuta kuwa?"

"Ranka ya daɗe, tun tana baƙi da fari na san ta. Ku bar ni da ita."

Nan take Ciyaman ya ba shi riƙon sabon sashen na'ura. Ya ce akwai babban baƙo da zai zo daga sama ya buɗe aikin. In abin ya tafi daidai ranar, kujera ta zama tasa har ya yi ritaya. In kuwa aka ji kunya, ya koma cikin ƙurarsa. Na-Iya ya sauko daga bene kamar ya taka rawa.

Da yamma ya kira maƙwabcinsa mai walda, ya zana masa abin da yake so a ƙasa da tsinke: amalanke mai taya huɗu, da wurin zaman kwamfuta, da wurin batirin mota, da lema a sama saboda rana.

Mai walda ya daɗe yana kallon zanen. "Maƙwabci, lemo za ka fara sayarwa?"

"Hukuma zan ɗora a kai."

"Duka?"

"Har da 'yan fansho."

"To a sa birki?"

"Birkin me? Ka taɓa ganin aikin gwamnati ya yi gudun da zai nemi birki?"

Matarsa tana bakin ƙofa tana tsintar wake, ta ce, "Maigida, rediyon gidan nan tun da ka taɓa shi sai an mare shi yake magana. Ka bar wa masu abu abinsu."

"Ke dai ki tanadi kayan fita. Matar shugaban sashe ba ta zuwa taro da gyalen bara."

"Gyalen bara dai ya san hanyar gida," in ji ta, ta ci gaba da tsintarta.

Ranar farko aka ɗora kwamfuta, aka ɗaure ta da igiyar fayil, aka ba masinja turi. Masinjan nan dattijo ne da ya saba ɗaukar fayil biyu a hammata yana tafe yana gyangyaɗi, yau ga shi yana tura abin da ya fi shi nauyi. Na-Iya yana gaba yana buɗe hanya. Ƙofar Ma'aji ta yi wa amalanke kaɗan, Na-Iya ya sa aka cire ƙofar. Ofishin Ciyaman yana sama, aka tara masu gadi da masu shara suka cicciɓi amalanken suna nishi.

Na-Iya ya buɗe takardar wata malamar asibiti mai neman hutu a kwamfuta. Ciyaman ya karanta, ya zaro koren alƙalaminsa, sai ya tsaya.

"A ina zan sa hannu?"

Wannan tambayar ba ta taɓa faɗo wa Na-Iya a rai ba, amma bakinsa ba ya jiran kansa. Ya zaro alƙalamin da ake rubutu a jikin buhu da kwali, ya miƙa da hannu biyu. "A kan gilashin, ranka ya daɗe. Haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba."

Ciyaman ya rangaɗa NA AMINCE a saman gilashi, ya sa hannu har da jela. Aka buɗe takarda ta gaba, sai ga NA AMINCE zaune a kanta. Aka buɗe ta uku, ita ma haka. Masinja ya sa bakin riga da yawu ya goga, rubutu ya ce yana nan daram.

"Ka ga amfanin zamani," in ji Na-Iya. "Sa hannu ɗaya, an gama aikin shekara."

Labari ya bazu kafin amalanke ya sauko. Duk mai wata buƙata da ta shekara tana barci ya sheƙo a guje ya ce a buɗe masa tasa ya gani. Kafin a tashi aiki rabin ma'aikata sun sami hutu. Wani da ya nemi izinin kafa injin niƙa a jikin bangon asibiti ya tafi yana sa albarka. Mahauta biyu da ke rigima kan rumfa ɗaya kowanne ya ga an amince masa, suka fita waje suka ci gaba da dambe, kowa da hujjarsa.

Ma'aji da ya ji abin da ke faruwa ya fito ido jajur. Shi mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya ce babu. Ya ɗauko hatiminsa mai cewa BABU HALI, ya dangwala tawada, ya kirɓa wa gilashin da ƙarfin da ya saba kirɓa wa takarda. Gilashi ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa, hatimin kuma bai fito sosai ba, don haka ya karɓi alƙalamin buhu ya bi kansa da manyan baƙaƙe. Daga ranar kowace takarda a ƙaramar hukumar an amince da ita kuma babu hali.

"Wannan tsagar fa?" in ji masinja.

"Alamar tsaro ce. Ko ɓarawo ya sace, za a gane tamu ce."

Sakatare kuwa yana da tasa al'adar. A wurinsa fayil kamar ayaba yake, sai ya kwana biyu a kan tebur ya nuna kafin a taɓa shi. Da aka turo masa amalanke ya dube shi ta saman tabarau ya ce a ajiye a can kusurwa.

"Yallaɓai, takarda ɗaya ce kawai za ka duba," in ji Na-Iya.

"Ni ba na duba ɗanyen fayil."

"Ai duk sauran ma suna ciki."

"To duk su nuna tare."

Ya karɓi alƙalami ya rubuta A DAWO GOBE a tsakiyar gilashi, don kada masu jira su wahala da tambaya. Da can in fayil ya kwanta a teburin Sakatare, mutum ɗaya ne ke kuka. Yanzu gari guda ne ya kwanta a kusurwar ofishinsa ƙarƙashin lema.

Kada ka ce Na-Iya ya damu. Wannan ne lokacin da ya fi jin daɗi a duk rayuwarsa. Tunda ba wanda ya san inda hukuma za ta kwana sai shi, jama'a suka koma binsa duk inda ya sa ƙafa, kamar awaki sun ga mai dusa. Tun daga bakin titi ake tare shi da gaisuwa. Ana tambayar gwiwarsa ta dama, ana tambayar ta hagu da ba ta taɓa ciwo ba. Wasu har lafiyar batir suke tambaya, shi kuwa yana amsawa da "da godiya" yana shafa ciki.

Da kwamfuta ta nuna a wurin Sakatare, aka mayar da ita wurin Ma'aji, wanda ya riga ya sa an mayar masa da ƙofarsa an kuma faɗaɗa ta. Ma'aji ya kulle ofis da kwaɗo uku ya tafi duba surukarsa da ba ta da lafiya a wani gari, da makullai a aljihu. Ana wata ga wata: saƙo ya iso cewa babban baƙo gobe zai zo.

"A fasa ƙofa," in ji masinja.

"Ƙofar Ma'aji? So kake a ce mun shiga baitulmali? Ta taga za mu bi. Na iya."

Tagar tana da ƙarafuna, aka kira mai walda ya yanke. Amalanke ya ƙi fita ta taga, aka kwance shi gunduwa-gunduwa aka miƙo, aka sake haɗawa a waje. Da aka gama sai ga ƙusoshi sun yi saura cike da tafin hannu.

"Waɗannan fa na ina ne?" in ji mai walda.

"Riba ce," in ji Na-Iya, ya zuba su a aljihu.

Washegari aka kafa rumfuna a farfajiya, aka jera kujeru, gari ya hallara. Farfajiyar nan a kan tudu take, daga bakin rumfa ƙasa ta gangara sumul har ƙofar shiga, bayan ƙofa titi, bayan titi babbar kwata. Na-Iya ya sha babbar riga mai aiki, ya ɗaura wa amalanke ƙyallaye masu launi, ya kuma kori masinja daga turi, domin ranar ɗaukar hoto ba ranar masinja ba ce. Matarsa tana layin baya da gyalen bara. Injiniya ma ta dawo da safiyar nan, ta sauka daga mota ta ga uwar kwamfutarta ƙarƙashin lema, ta nemi kujera ta zauna.

Don a burge baƙo, Na-Iya ya sa an saka hoton baƙon a kwamfuta. Aka yaye ƙyalle, sai ga fuskar babban baƙo tana murmushi, NA AMINCE a goshi, A DAWO GOBE a kan hanci, BABU HALI a haɓa, tsaga kuma ta raba masa kunne da kunne. Wani a baya ya yi tari irin wanda ba na mura ba.

Baƙo ya daure ya ce, "Wannan rubutun fa?"

"Ra'ayin hukuma ne gaba ɗaya, ranka ya daɗe. Ba ma ɓoye komai."

"To. Rahoton da aka aiko mini ya ce shugabanni uku za su iya duba fayil a lokaci guda, kowa daga teburinsa. Ina so in gani."

Injiniya ta ɗaga hannu za ta yi magana, Na-Iya ya riga ta. "Abu mai sauƙi. A jera tebura."

Aka sa teburin Ciyaman a gabas, na Sakatare a yamma, na Ma'aji, wanda ya dawo ya tarar da tagarsa a buɗe yana ta huci, a can gefen gangara. Na-Iya ya naɗe hannun riga ya kama amalanke. Dabararsa ita ce ya yi sauri har ya zama kamar lokaci guda ne.

"Fayil ɗin kasuwa," in ji Ciyaman. Na-Iya ya sheƙa gabas.

"Na asibiti," in ji Sakatare. Ya juya yamma, taya tana ƙara.

"Ni ban ga komai ba," in ji Ma'aji. Ya kwaso zuwa gangara.

"Ban gama karantawa ba," in ji Ciyaman.

"Nawa bai nuna ba tukuna, amma a kawo," in ji Sakatare.

Haka ya riƙa zarya, hula ta faɗi, gumi ya jiƙa aikin riga, jama'a suna juya kai dama da hagu. Yara suka fara tafi suna ba shi kiɗa. Lema ta fita ta tafi abinta. Taya ɗaya ta fara rawa, domin ƙusarta tana aljihun mai turi. Duk da haka yana wucewa ta gaban baƙo yana haki yana cewa, "Ka gani, ranka ya daɗe? Kamar walƙiya."

A zagaye na ƙarshe Ma'aji ya ɗaga hatimi zai ƙara wa gilashi, Na-Iya ya kauce masa, bakin babbar riga ya naɗe a taya. Riga ta bi amalanke, Na-Iya ya fita daga cikinta ta ƙasa ya zauna daɓas daga shi sai singileti. Amalanke kuwa ya ga gangara ya ce ga garinku nan.

"A taka birki," in ji Ciyaman.

"Ya ce kada a sa," in ji mai walda daga cikin taro.

Mai gadi da ya ga hukuma ta nufo shi gadan-gadan ya yi abin da ya saba yi wa manya: ya wangale ƙofa ya ƙame. Amalanke ya fita yana jan babbar riga, jama'a suka dafa masa baya, wannan yana kiran filinsa, wancan yana kiran fanshonsa, mahauta biyu suna gudu kafaɗa da kafaɗa suna zagin juna. Ya tsallake titi, ya daki bakin kwata, ya tsaya cak. Kwamfutar ce ba ta tsaya ba. Ta tashi sama kaɗan, ta juya, ta faɗa cikin baƙin ruwa, ta yi 'yan kumfa ta yi shiru.

Babban baƙo ya dubi Ciyaman, Ciyaman ya dubi Na-Iya, Na-Iya ya dubi sama, amma yau ba rufin da zai ce fayil yana can.

"Ranka ya daɗe," ya ce da 'yar murya, "in aka shanya ta..."

"Ka iya, ko?" in ji Ciyaman.

Karo na farko a tarihin ƙaramar hukumar, Na-Iya bai buga ƙirji ba.

Injiniya ce ta tashi ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan akwati da bai fi sabulu girma ba, ta ce kafin ta tafi ta kwafe komai a ciki, ba takardar da ta ɓata. Jama'a suka yi ajiyar zuciya, suka koma dariyar da suka riƙe tun ɗazu. Matar Na-Iya ta ratso taro ta yafa masa gyalenta a kafaɗa, ta ce, "Tashi mu tafi, maigida. Ka ga amfanin na bara, ba a jin ciwon ya yi datti."

Ba a daɗe ba aka sayo wata kwamfutar, aka ja waya kowane ofis, aka buɗe 'yar taga a bakin ƙofa inda mutum zai faɗi lambarsa a ba shi takardarsa kafin ya gama gyara tsayuwa. Na-Iya ya koma ɗakin fayil, gadin tsofaffin takardu. Yakan ce wa masinja, in ya samu ya tsaya, ai da bai gwada amalanke ba da har yau ba a san waya ta fi ba, don haka shi ya kamata a gode wa. Masinja yakan ce haka ne, ya wuce.

Abin da ya fi cin ransa shi ne shirun. Ya zauna tun safe, ya gyara hula, ya kafa wa ƙofa ido, ba mai leƙowa. Ya matsa da kujerarsa kusa da ƙofa. Bayan kwana biyu ya fitar da ita baranda. Wata safiya ya ga wata dattijuwa ta karɓi takardar rumfarta a taga ta nufo hanyar fita tana sauri, sai ya ji ya miƙe tsaye, ya ɗan rusuna.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya," in ji ta, ba ta ko juyo ba.

Ya bi ta a baya. "Ina gajiya? Ya iyali? Ya kasuwa?"

Ta riga ta kai titi. Na-Iya ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi hagu ya dubi dama, ya ga ba kowa sai mai gadi yana gyangyaɗi. Ya sunkuya ya shafa ƙafarsa, ya ce a hankali, "Gwiwa kuma da sauƙi, an gode da tambaya."